Ɗaki na Shida

Kwana uku na yi cikin silin ɗin Malam Bappah
a Jekadafari, bayan gidan mai,
ina rarrafe kan katako kamar ƙadangare,
tocila a baki, kwano na gasa mini ƙeya.
Ranar Gombe ba ruwanta da mai neman abinci.

Yadi ɗari biyu da arba'in na waya,
ja da baƙi, ja da baƙi.
Kowace na naɗa mata salatif, na rubuta inda za ta:
falo, zaure, ɗakin Malam, ɗakin baƙi, baranda, kicin.
Yarona Sambo na ƙasa yana ja,
yana ihu, "Oga, ta maƙale!"
Ni ina cewa, "Bi ta a hankali, ba akuya kake ja ba."
Ɓera ya riga mu tarewa a nan,
shi ya sa na zura ta cikin bututun roba.
Na san haƙorinsa, ya taɓa cinye mini riba a Tumfure.

Amfilifaya na zaunar a kabad ɗin falo,
na bar mata tazara ta sha iska.
Sifika shida, farare kamar faifai, manne a sama,
kowane ɗaki da maɓallinsa a bango:
mai son ƙara ya murɗa dama,
mai son barci ya murɗa hagu.
Na ce a raina, gida har gida, mutum ɗaya tal,
'ya'ya sun watse, Kaduna, Fatakwal, wata ma Jidda,
wa zai ji duk wannan?
To, ba a biya ni don tambaya ba.

Ran Alhamis bayan la'asar aka kawo wuta.
Na zaro wayata zan gwada da kiɗan da na saba.
Ya ce, "Dakata, Gidado."
Ya shiga ciki ya fito da tsohuwar rakoda,
murfinta ɗaure da roba,
da kaset guda, rubutun biron ya koɗe.
"Wannan za ta shiga?"
Na ce za ta shiga.
Na lalubo 'yar igiya mai kai biyu a gindin jaka.

Sai shuuu. Sai tari. Sai carar zakara can nesa.
Sai murya:
"Salamu alaikum. Ni ce, Dudu.
Ya karatu, ya Zariya?
Ƙaramin ya fara haƙori, ba ya barinmu barci.
An kawo masara buhu biyu daga Kumo.
Kada ka sa mu a rai."

Malam ya miƙe, bai nemi takalmi ba.
Ya leƙa zaure, tana can tana gaishe shi.
Ya tura ƙofar ɗakinsa, ta riga shi shiga.
Baranda, tana lissafin bashin mai manja.
Mu muna biye, Sambo ya cire hula bai san ya cire ba.

Kicin, shiru.

Ya tsaya a bakin ƙofa, hannu kan bango,
yana duban farin faifan da ya ƙi magana.
Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.
Ya ce, "Nan kuwa ta fi zama."

Na haye tsani, ban ma ɗauki tocila ba.
Hannu ya san hanya: katako na bakwai, hagu.
Baƙar ce ta zame daga maƙalinta,
silin tagulla uku, ba su kai gashin gira ba.
Na murza su da yatsa, na tura, na ɗaure sukurun.

Sai dariyarta ta taso ta ƙarƙashin gwiwata,
da ƙarar muciya tana bugun tukunya
shekara talatin da wani abu da suka wuce.

Na ji an ja kujera 'yar tsugunno.
Na ji an zauna.

Sambo ya yi raɗa, "Oga, sauko mana, ta yi."
Na ce, "Riƙe tsanin dai."
Gumi na ɗiga daga haɓata kan sifikar,
ban motsa ba
sai da kaset ya kai ƙarshe, ya ce ƙas.